Yarana suna dawo min da abincin makaranta, a biki kuma sai lemo da alawa: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Kano mai 'ya'ya uku: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, autan kuma 3. A gida duk abin da na girka suna ci, tuwo ne, wake ne, kwaɗo ne. Amma in na zuba wa manyan biyu alala ko ɗanwake su tafi makaranta, haka suke dawo min da shi ko buɗewa ba su yi ba, sai dai su kashe kuɗin tara a biskit da alawa da lemon leda. In muka je biki ko suna ko walima kuwa ba a magana, lemo da cincin da kek har sai cikinsu ya ɓaci. In na hana, dangi su ce na cika iyayi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Maman yara. Allah ya raya mana su.

Akwai maganar da kika faɗa kika wuce da sauri, alhali nan bakin zaren yake: kin ce a gida suna ci. Yaron da zai zauna ya tashi da malmalar tuwo da miyar kuka, harshensa lafiya lau yake. Wani abu ne ke faruwa tsakanin ƙofar gidanki da ƙararrawar tara. A shekarun da na yi ina zama da iyaye a ɗakin ba da shawara kan abinci, in muka bi diddigi kusan kullum ɗayan abu uku muke tararwa. Ko dai abincin ya sauya kama kafin a buɗe shi, ko lokacin ci ya yi kaɗan wasa ya fi ja, ko kuma kunya. Ta ukun ce yara ba sa faɗa, ita ce kuma ta fi yawa.

Ni kaina ta faru da ni, duk da karatuna. Babbar 'yata tana aji uku na firamare ta jera kwana huɗu tana dawo min da ɗanwake. Na yi faɗa, na yi lallashi, na zauna na lissafa mata amfanin wake a jiki, ita dai sai ta ce ta ƙoshi. Ranar Asabar ina mata tsifa, kanta a kan cinyata, ba ta ganin fuskata, sai ta ce, "Umma, in na buɗe sai su toshe hanci su ce abincin 'yan ƙauye." Ashe 'yan bencinsu uku kowacce taliyar yara da lemon kwali take zuwa da su. Yarinyar ta gwammace yunwa da a yi mata dariya. Tun daga ranar, in uwa ta kawo min irin ƙorafinki, kafin in tambaye ta me take zubawa sai na tambaye ta da su wa yaron ke zama.

Wannan tsohon sani ne a fagenmu. A shekarar 1980 wata mai bincike a Amurka, Leann Birch, ta ɗauki yara 'yan nazire, ta gano wane kayan lambu kowa ya fi so, sannan ta zaunar da yaro ɗaya a tsakiyar yaran da suka fi son wanda shi ba ya so. Cikin 'yan kwanaki ya koma ɗaukar abin da abokan teburinsa ke ɗauka. Abin da ke janye yaro daga alala shi ne dai zai iya dawo da shi. Da wannan na yi aiki. Na bar ɗanwake ya zama na ƙarshen mako. Na koma soya awara, in yanka ta ƙanana kamar sukari mai ƙwaya, in sa tsinken sakace guda biyar da yaji a 'yar ƙaramar roba, in zuba fiye da cinta, in ce ta ba ƙawayenta. Ba a yi mako biyu ba ta fara kawo min saƙo: wance ta ce gobe a ƙara yaji. Don haka abu na farko, ki samu lokacin da ba na faɗa ba, wajen kitso ko wanke-wanke, ki tambayi babbar abin da ake cewa in ta buɗe kwandonta. Kar ki yi mata wa'azi a kan amsar. Ki ji kawai.

Sai maganar abincin kansa, kuma a nan zan ɗan tsaya wa yaran. Kin sauke alala ƙarfe shida na safe, kin zuba a roba kin ƙulle a leda, an buɗe wajen ƙarfe goma. Awa huɗu ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba ba a firji ba, domin tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ki tuna zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ake kai digiri 40, ga aji mai rufin kwano. Alala mai kifi da ƙwai kan fara yauƙi da tsami. Ɗanwake in ya huce ya sandare, mai ya daskare a jikinsa. Ke ma da an miƙo miki ba za ki ci ba. Shinkafar jiya da aka ɗumama ta fi duka haɗari: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafa ta kwana a waje ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa.

Hanya biyu ce. In abinci mai zafi kike so su ci, ki sayi kula ta gaske mai riƙe zafi, ki cika ta da tafasasshen ruwa na minti biyar, ki zubar, sannan ki zuba abincin yana tururi ki rufe. A haka garau-garau, dafa-dukan taliya da wake, faten dankali, dambu da zogale, duk suna kaiwa tara da ɗuminsu. In kuwa babu kula, ki koma ga abin da zafi ba ya saurin lalatawa: dafaffen ƙwai da ɓawonsa, gyaɗa, gurjiya, aya, dabino, ƙuli-ƙuli, kantu, dambun nama, gasasshen dankalin Hausa, ayaba, lemon ɓawo, goba, karas, gurji. Irin waɗannan suna da wata fa'ida ta biyu, ana ci da hannu ɗaya a tsaye. Ɗan shekara shida da aka ba minti ashirin ko talatin na tara, ƙwallo na jiransa a fili, ba zai zauna da cokali ba.

Ni yadda nake koya wa iyaye haɗa kwando, kullum a samu abu ɗaya mai riƙe ciki, kamar dankali ko rogo ko masara ko waina, abu ɗaya mai gina jiki, ƙwai ko wake ko awara ko gyaɗa ko nama, abu ɗaya ɗanye daga lambu ko bishiya, sai ruwa. Litinin dafaffen dankali da ƙwai da lemo. Talata ƙosai da ayaba. Laraba rogo da garin ƙuli da gurji. Haka dai. Ki zuba kaɗan. Kwando cike taf yana kashe wa yaro gwiwa tun kafin ya fara, kuma wanda ya cinye ɗan kaɗan ya dawo da roba wayam yana jin ya yi abin kirki. Ki ɓare lemon ki raba shi gida-gida, ki kankare karas ki tsaga shi siri-siri. Yawancin 'ya'yan itacen da ke dawowa gida, ɓarewa ce ta gagari yaron.

Abin da nake nufi da abinci na asali shi ne wanda in kin kalle shi kina iya faɗar gona ko bishiya ko dabbar da ya fito. Kishiyarsa shi ne wanda aka haɗa a masana'anta da fulawa da sukari da mai da gishiri da kala da ƙamshi, wanda in kin juya bayan ledar za ki ga sunayen da babu su a kicin ɗinki. Ina faɗin wannan ne don iyaye da yawa sun ɗauka cin lafiya sai da tuffa da inabi na babban kanti. Abin da ke kasuwannin 'Yankaba da 'Yan Lemo da Dawanau ya isa. Goba ta fi lemon zaƙi bitamin C. Garin kuka na ɗan itacen shi ma haka. Dankali mai jan ciki da karas da mangwaro da gwanda da manja suna ba da bitamin A. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, ɗan 6 zuwa 9 kuma giram 350. Kar adadin ya tsorata ki. Ayaba ɗaya, lemo ɗaya, da kwaɗon zogale ko miyar ganye mai kauri da dare, kin kusa kaiwa. Ki bi yanayi: mangwaro da bazara, masara da gyaɗa sabuwar haƙa da kaka, karas da lemo da goba da sanyi. A lokacinsu suke araha, a lokacinsu kuma suka fi daɗi.

Wani abin da ke tura yara wajen mai alawa tun daga gida yake farawa. Yaron da ya karya da ruwan shayi da yankan burodi, kafin ƙarfe tara cikinsa ya fara ƙugi, kuma mai jin yunwa zaƙi yake nema. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗumamen tuwo, wainar ƙwai, waɗannan su ke riƙe shi. Shayi kuma yana da wata illa da ba a cika sani ba: ganyen yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abincin da aka haɗa shi da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini. A irin wannan hali ban ga dalilin haɗa wa yaro wake da baƙin shayi ba. Ki haɗa masa da lemo ko goba ko ɗanyen tumatir, su suna taimaka wa jiki ya ɗauka.

Da za ki ce in zaɓar miki abu ɗaya tak ki gyara ki bar saura, abin sha zan zaɓa. Bari mu yi lissafi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, in ma da hali ya tsaya ƙasa da kashi 5. Ga yaro kamar ɗanki na tsakiya, kashi goman nan bai wuce cokalin shayi tara ko goma ba. Kwalbar lemo mai gas 'yar 35cl tana ɗauke da kimanin cokali tara. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini, ba a zo kan sukarin koko ba, ba a zo kan biskit ba. Ta roba 'yar 50cl kuwa ta haura cokali goma sha biyu. Lemon kwalin nan mai hoton abarba da mangwaro da iyaye ke saya suna ganin sun yi dabara, ki juya bayansa ki duba giram nawa na sukari aka rubuta, ki raba da huɗu, adadin cokulan ke nan. Ki yi wannan a gaban babbar taki, ki ɗauko kofin gilashi ta ɗebo sukarin da hannunta tana ƙirgawa. Ya fi wa'azin wata guda. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022, amma ni ban ga wanda naira goma ta hana sha ba.

Kuma kar mu yaudari kanmu da na gida. Zoɓon da aka juye wa gwangwanin sukari da garin kala, da kunun ayar da aka narka wa sukari da madarar gwangwani, ba su da maraba da na kwalba sai a suna. Ki riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan duk mako, ki ƙara citta da kanumfari da ɓawon abarba, harshen yaro yana sabawa cikin 'yan makonni ba tare da ya lura ba. Kunun aya da kindirmo saurin lalacewa gare su, in za su tafi makaranta su kwana a firiza su fita da ƙanƙararsu. Na kullum dai ruwa ne. Ki cika gora rabi ta kwana ta daskare, da safe ki ƙarasa cikawa, har a tashi yana da sanyi. Yara da yawa sanyin suke bi a lemon leda, ba zaƙin ba.

Kuɗin tara kuma ban ba ki shawarar yankewa gaba ɗaya ba. Yaron da kowa ke saye shi yana kallo, ko dai ya fara roƙo ko ya fara ɗauke-ɗauke. Ki je da kanki wata rana ki tsaya bakin makarantar lokacin tara ki ga farantan da ke wurin. Za ki sami mai gyaɗa, mai awara, mai aya, mai dafaffiyar masara, kusa da mai alawa da mai ƙanƙara mai kala. Ki nuna musu waɗanda kika yarda da su. Abin da nake tsoro a wurin ya fi sukari: ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, da yankakkiyar kankana ko abarba da ƙuda ke bi, nan taifod da kwalara suke. Ɗan itacen da yaro zai ɓare da kansa ya fi aminci. Ki koya musu in gyaɗa ta yi ɗaci ko ta yamutse ko ta yi fumfuna su tofar, domin gubar fumfunar tana taruwa ta cutar da hanta. Sannan ki rage ranakun kuɗin, a ce Laraba da Juma'a, sauran kwanakin a jefa a asusu da sunansu. Na ga yaran da son cika asusu ya raba su da alawa fiye da duk wani faɗa.

Makarantar ma tana da nata kason, amma in kin je taron iyaye da malamai kar ki nemi a juya duniya. Ki nemi ƙananan abubuwa da ba sa cin kuɗi. A ware minti goma na farkon tara kowa ya zauna ya ci kafin a saki yara fili. A sa bokiti da sabulu a ƙofar aji. Malama ta ci nata tare da su. A Japan haka ake yi, malami a cikin aji yake cin abin da ɗalibansa ke ci, yaran ne ma ke rabawa. A sa rana ɗaya a mako da kowa zai zo da ɗan itace, ko da goba ɗaya ce. In duk aji ayaba suke ci, babu mai yi wa wani dariya. Sai al'adar nan da ta shigo ta rabon leda a aji duk ranar da wani ya ƙara shekara: aji mai yara arba'in, kusan duk mako akwai kek da lemo. A roƙi makaranta ta haɗe su zuwa sau ɗaya a wata. In kin tafi ke kaɗai za a ce ke ce mai iyayi, ki nemi iyaye biyu ko uku ku tafi tare.

Yanzu biki. A nan ra'ayina zai iya ba ki mamaki: ki sassauta. Yaranki suna zuwa makaranta zango uku, kusan kwana 190 a shekara. Ko da ke ce uwar biki a danginku, taron da za ki kai su bai kai rabin rabin haka ba. Jikin yaro da abin da yake ci kullum yake ginuwa. Uwar da ta gyara kwandon makaranta da karin safe da abin sha na gida, kek ɗin suna ba zai rushe mata aiki ba. Kuma hani mai tsanani yana da nasa sakamakon. A 1999 Birch ɗin nan da abokiyar aikinta Jennifer Fisher sun sa wa yara wani abin ƙwalama a gabansu suna gani amma an hana su taɓawa. Da aka sake musu, sai suka fi rububinsa fiye da irinsa da ba a taɓa hana su ba. Kin san irin yaron da ba a bari ya ga lemo a gidansu, ranar da ya samu a gidan biki sai ya sha kwalba uku a bayan ƙofa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin biki a gida ake yin sa. An ce yini ƙarfe biyu, kin san abinci ba zai fito ba sai bayan la'asar, wani lokacin gab da magariba. Kin yi wa yara wanka da kwalliya tun azahar, ba su ci komai ba don kin ce ai can za a ci. Suna isa abin da za a fara miƙa musu lemo ne da cincin. Laifin wa? Ki ciyar da su su ƙoshi kafin ku fita, ko da wake da shinkafa ne. Ki sa gorar ruwa da ɗan dabino ko ayaba a jakarki. A cikin adaidaita ko mota ku yi yarjejeniya tun kafin ku sauka: abinci tukuna, sannan kowa ya zaɓi abin zaƙi ɗaya da yake so, lemo ko askirim ko kek. Zaɓin nasa ne, adadin naki. In an kawo kwalba, ki nemi kofi ki raba wa biyu.

A gidan bikin Bahaushe kuma akwai abinci na gaske, mu ne ba ma kai idon yara wurin. Ga waina da miyar taushe, ga sinasir, ga alala mai zafi, ga dambu, ga farfesu, ga salak. Ki zuba musu da hannunki, ki zauna ki ci tare da su. In ke kina riƙe da kwalba ta biyu, babu abin da za ki gaya musu su ji. Ledar da ake rabawa a tafi da ita gida, cincin da dubulan da alkaki da alawa, ta shiga kabad ɗinki, a riƙa fitowa da ɗaya-ɗaya bayan cin abinci. Bayan abinci ya fi sauƙi ga haƙori. Abin da ke cin haƙori shi ne yawan lokutan da sukari ke taɓa shi a yini, alawar da ake tsotsa tun safe har yamma ta fi yankan kek da aka cinye a zama ɗaya ɓarna. Amma kar ki mayar da ita lada, irin "in ka cinye kabejinka zan ba ka alawa". Abin da yaro ke ji shi ne kabeji wahala ne, alawa ce albashi.

Autanki ɗan shekara uku, shi kam akwai abin da ba sassauci a kansa, kuma ba sukari ba ne. A taro ne yara ke shaƙewa, ana hayaniya, suna gudu da abu a baki, kowa ya ɗauka wani na kallonsu. Gyaɗa ɗai-ɗai, aya, gurjiya, alawa mai tauri, cingam, ƙwallon dabino, inabi da ba a tsaga ba, tsokar nama mai girma: ɗan ƙasa da shekara biyar ba a ba shi su haka. A daka, a tsaga, a cire ƙwallo, ya ci a zaune. Ki gaya wa yayyensa ma, don su ne ke ba shi.

Sai dangi. Gwaggon da ta miƙa wa ɗanki kwalba ba cutar da shi take nufi ba, ƙauna take nunawa da abin da ke hannunta. In kika fizge a gaban mutane kin kunyata ta, yaron ya yi kuka, ke kuma kin zama abin zance. Ki karɓa da hannu biyu ki ce, "An gode Gwaggo, bari in ajiye masa ya ci abinci tukuna." An wuce wurin. Maganar gaske a keɓe ake yin ta, kuma da mutum biyu ko uku ne kawai, waɗanda yaran ke gani kullum. Na farko Baban yara, in shi ne mai shigowa da ledar biskit da lemo duk dare. Kar ki ce ya daina tsaraba, ki ce ya sauya ta: kankana, lemo, rake, tsire, balangu. Ta biyu kakarsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Maimakon ki karanta mata abin da likitoci suka ce, ki ce, "Hajiya, yaran nan ba su san goriba da magarya da ɗinya ba, ko fura ba su iya sha ba, sai ke za ki koya musu." Na sha ganin kakar da ake kuka da ita ta koma ita ce mai aiko da ƙullin aya da kantu duk Juma'a. In akwai mai ciwon sukari ko hawan jini a gidan, wanda da wuya a rasa yanzu, ita ma ta san abin da kike gudu.

Da sallah kuwa ki saki hannu kwana biyun nan. Ki tabbatar sun karya da abinci mai nauyi kafin yawon sallah, sun tafi da ruwa, sun goge haƙori da man goge baki kafin barci. Kwana na uku gida ya koma yadda yake. Ranar da taron ya zama naki, suna ko walimar saukar babbar, nan za ki nuna abin da kike so ba tare da kin ce uffan ba: faranti na yankakkiyar kankana da abarba a rufe, zoɓo mai sanyi marar yawan sukari, ruwa a gaba lemo a baya. Ki lura da farantin da zai fara ƙarewa.

In kin kawo sabon abu yaro ya ƙi, kar ki yanke hukunci a karo na biyu. Sau da yawa sai an ajiye masa sau takwas, goma, har sha biyar kafin ya karɓa. Ki sa ɗan kaɗan a gefen abin da ya saba, ki ci naki, ki yi shiru. Ke ce mai yanke me za a ci da yaushe, shi ne mai yanke ko zai ci da kuma nawa. Ɗure da "sai ka cinye" suna koya wa yaro ya daina jin ƙoshinsa.

Akwai inda maganar ta wuce ta kwando, sai asibiti: yaro yana ramewa ko ya daina ƙara nauyi, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, yana cin ƙasa, yana yawan shan ruwa da fitsarin dare fiye da da, haƙori na ciwo ko ya yi rami, ko leɓe da fuska su kumbura bayan ya ci gyaɗa ko ƙwai ko kifi. Na ƙarshen nan ba a jira gobe, kuma dole malamarsa ta sani. In akwai mai sikila a cikinsu, gorar ruwansa ta fi ta kowa girma, a gaya wa malama kar ta hana shi sha ko fita fitsari.

Ita 'yar tawa yanzu tana sakandare. Awara da ƙwai da lemo har yau tana tafiya da su, ita ke haɗa kwandonta da na ƙannenta. Ɗanwake kuwa ba ta sake yarda ya bi ta makaranta ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Ranar Asabar take cin sa, faranti biyu, da ƙwai da tumatir da yaji.